Kafin Ki Rataya Kyamara: Nasihar Baffa Ga 'Yarsa



Abbanki ya shaida mini cewa kin tsayar da shawara, ɗaukar hoto za ki riƙa a matsayin sana'a, har kin fara karɓar aikin biki da suna. Na yi murna, na kuma sa albarka. A zamaninmu da wuya a ga mace da kyamara a wuya, alhali rabin aikin a cikin gida yake, inda namiji iyakarsa zaure. Ke kuwa ga ƙofa a buɗe. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta miki abin da shekaru suka koya mini, domin magana da baki takan bi iska, takarda kuwa kya iya komawa kanta duk ran da kika so.

Ki fara sanin abin da ake biyan ki dominsa. Danna kyamara shi ne mafi ƙanƙantar aikinki, yau ko yaron goye ya iya danna waya. Mutane suna kiran ki ne su damƙa miki fuskokinsu da ranarsu, ranar da ba za ta sake dawowa ba. Tela in ya ɓata ɗinki, a yi faɗa, a sayo wani yadin. Mai hoto in ya ɓata aikin ɗaurin aure, babu kasuwar da za a je a sayo wani. Wannan amana ce, kuma duk abin da zan faɗa miki daga nan zuwa ƙarshe reshenta ne.

Aikin gobe da daren yau yake farawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ki cika batiranki duka da caji tun wuta na nan, kada ki ce sai da asuba, kin san halin Nepa. Ki duba katin memori, ki tabbata abin da ke ciki kin riga kin kwashe shi kafin ki share. Ki duba kwanan wata da agogon kyamara, domin wata rana su za su taimake ki gano hoto cikin dubbai. Ki kira mai biki ki sake jin wuri da lokaci daga bakinsa, saboda a garin nan ana sauya wurin kamu da daddare ba a gaya wa mai hoto ba. In kina da kyamara biyu ki tafi da su biyun. In ɗaya ce, ki san abokin sana'ar da za ki kira ya ba ki haya idan taki ta ƙi tashi a tsakiyar taro.

Yanayin ƙasarmu ba ya tausaya wa kayan aiki. Da hunturu ƙura takan shiga ko'ina, saboda haka kada ki cire lens a fili. Ki shiga ɗaki ko mota, ki kifa bakin kyamarar ƙasa, ki sauya da hanzari. Kada ki goge gilashin da bakin mayafinki, yashin da ido ba ya gani yana nan a jikin yadin, zai kuma karce shi. Ki fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska, sannan ki bi da tsumman da aka yi don haka. Da damina danshi ne abokin gaba, yakan sa fumfuna ta tsiro cikin lens, gyaranta kuwa tsada. 'Yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ki tara su ki zuba a jaka. Da bazara kada ki bar kyamara cikin mota a rana, ko da sallah kika shiga yi.

Sai maganar haske, wanda shi ne jarin mai hoto na gaskiya. Haske mai daɗi yana zuwa ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. Amma ki lura, mutanenmu ba sa ɗaura aure a waɗannan lokuta. Ƙarfe goma sha ɗaya ake sawa, ko bayan an sauko daga Juma'a, lokacin da rana take tsakar ka. A wannan sa'a hula da rawani suna jefa inuwa a kan ido, kowa ya yamutsa fuska, gumi yana ƙyalli a goshi. Ga kuma ango cikin farar babbar riga ta shadda mai maiƙo. Kyamara in ta ga fari ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi da kanta. Rigar ta fito tas, har aikin wuyan ana ƙirga zarensa, fuskar mai rigar kuwa ta nutse cikin duhu. Kada ki bar na'ura ta yanke miki hukunci. Ki auna hasken a kan fuska, ki ƙara shi kaɗan da hannunki, ki duba kada kuma rigar ta ƙone ta zama fari fat babu zane. In da hali ki ja su inuwar bango ko bakin zaure, su fuskanci waje, ke ki ba wa hasken baya. Ki guji gindin darbejiya da rana tsaka. Inuwarta tana da sanyi ga mai zama, amma rana tana ratsa ganyen ta yi wa fuska dabbare-dabbare, kuma babu gyaran kwamfutar da zai cire wannan cikin sauƙi. Farin kwali ko farin zani da wani zai riƙe miki daga gefe ya isa ya mayar da haske ƙarƙashin hula.

A ɗakin taro kuwa wata matsalar ce daban. Masu ado suna son fitilu masu launi, shuɗi da ja da kore, waɗanda ke mayar da fatar amarya wani iri. Ki je da wuri, tun ana jera kujeru, ki gwada hasken a kan wani, ki roƙi mai fitilu ya bar miki farin haske a inda ango da amarya za su zauna. Filasha kuma kada ki harba ta kai tsaye a fuska, leshi da duwatsun kwalliya za su mayar miki da ita. Ki ɗaga kanta ta bugi silin in fari ne, hasken ya sauko a hankali.

Na'ura dai kya gama koyon ta cikin shekara ɗaya ko biyu. Mutane kuwa har yau ina koyon su. Da kin shiga gidan biki, ki ajiye jaka ki gaida manya tukuna, ki durƙusa yadda aka koya miki a gida. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma tsohuwar da kika gaisar da ladabi ita za ta saki fuska a gaban kyamararki. Sannan ki nemi mutum ɗaya daga cikin dangi, gwaggo ko babbar ƙawa, wadda ta san kowa. Ki tambaye ta a keɓe: su wa ne in babu hotonsu an yi asara? Wace ce ta riƙe amarya? Su wa ne ba sa ga-maciji da juna? Akwai gidan da mahaifiyar amarya ta daɗe da fita, ta dawo ne don bikin kawai. Akwai kishiyoyin da in kika sa ɗaya kusa da amarya, ɗayar a gefe, kin kunna wutar da za ta shekara tana ci. Akwai uwar da amaryar 'yar farinta ce, kunya ba za ta bar ta ta tsaya a hoto ba. Kada ki ja ta da ƙarfi cikin jama'a. Ki bari sai hayaniya ta lafa, ki sa ƙanwarta ta lallashe ta, a ɗauka a ɗaki. Bayan shekaru, wannan hoton ne amaryar za ta fi nema.

Tsofaffi ki fara da su. Su ne ke saurin gajiya su tafi, kuma su ne ba a da tabbacin za a sake tara su a wani bikin. 'Yan mata masu anko suna nan har dare, su za su neme ki ma da kansu. In kin tara mutane da yawa, ki ɗauka sau uku ko huɗu a jere, domin dole wani ya ƙifta ido. Ki duba gefe da gefe kafin ki danna: bokiti, igiyar shanya, takalman da aka zubar a bakin ƙofa, sandar wuta da ta fito ta bayan kan ango. Matsawa taku biyu ya fi zaman awa guda ana gogewa a kwamfuta.

Wanda ya ce ba ya son hoto, ki sauke kyamara. Malamai sun yi magana a kan hoto, fahimta ta bambanta, kuma gidan biki ba wurin muhawara ba ne. Wata mijinta ne ya hana, wata dalilinta nata ne. Ki ce to, ki yi murmushi, ki wuce. In ta faɗo cikin wani hoton ta gefe, ki yanke ta kafin ki miƙa aiki.

Yanzu ga inda nake son ki buɗe kunne sosai. Ke mace ce, za a bar ki ki shiga har ƙuryar ɗaki, lokacin da amarya take gaban mai kwalliya babu ɗankwali, lokacin da mata suka yar da mayafi suna rawa a wurin kamu don sun san babu namiji. Sun sake ne saboda sun ɗauke ki tasu. Abin da kyamararki ta gani a nan, sirrin gidan mutane ne. Kada hoto ko ɗaya ya hau Instagram ko Facebook sai mai shi ta yarda da bakinta, kuma yardar amarya ba ta ɗauke yardar ƙawarta ba. Na san talla tana kawo ciniki, amma ki tambaya tukuna, ki nuna ainihin hoton da za ki sa. Za ki ga samari, abokan ango, suna bin ki da daɗin baki: don Allah Hajiya, tura mini hoton waccan mai jan gyalen. Amsa ɗaya ce, aiki na mai biki ne, a je a tambaye shi. Ki sa wa wayarki da kwamfutarki makulli. In za ki kai ɗayansu gyara, ki kwashe hotunan mutane tukuna, domin ta wannan hanya hotuna da yawa suka fita duniya, aure ya mutu, mai hoto yana rantsuwa ba shi ya fitar ba. Hoton da ya shiga intanet ba ya dawowa gida.

Idan kin dawo, komai gajiya, kada ki kwanta sai kin kwafe aikin ranar a wuri biyu, cikin kwamfuta da cikin faifan ajiya na daban. Katin kuma ki bar shi yadda yake har sai kin miƙa aiki. Ki sa wa kowane aiki suna da kwanan wata a tsari ɗaya da ba ya sauyawa. Washegari sai zaman tacewa, wanda masu ganin ki kina yawo cikin kiɗa da ƙamshi ba su san da shi ba. Yinin biki ɗaya yakan ci kwana biyu ko uku a gaban kwamfuta. Mu da muka yi aiki da fim, hoto 36 ne a nadi guda, kowace dannawa kuɗi ce, sai mun tsaya mun duba kafin mu danna. Ku yanzu kuna dawowa da dubu biyu daga wuni ɗaya, sannan ku rasa barci wajen zaɓe. Ki koyi jira. Ki ga abin yana tahowa, kamar lokacin da gwaggo za ta ɗaga mayafin amarya, ki shirya, ki danna a kan gaɓa.

Wajen gyara ki yi sassauci. Ki cire ƙurjin da ya fito ranar, ki rage ƙyallin gumi, ki daidaita launi. Amma kada ki mayar da baƙa fara, kada ki goge zanen fuska ko wushirya, kada ki shafe fata har ta koma roba. Za a roƙe ki, musamman 'yan mata, su ce a ƙara musu haske. Ki nuna musu yadda baƙar fata take kyau idan an haska ta daidai, yawanci da sun gani suke haƙura. Hoton da jikokinta za su duba su kasa gane kakarsu bai yi amfani ba.

Batun kuɗi, ki yi shi tun farko kuma a rubuce, ko da a saƙon waya ne: taro nawa za ki halarta, awa nawa, hoto nawa za ki gyara, da albam ko babu, da firem ko babu, yaushe za ki kawo. Ki karɓi kafin alƙalami kafin ki riƙe wa mutum rana, ragowar kuma kafin ki miƙa aiki, domin da an watse biki aljihu ya bushe, mai hoto ne ake mantawa. In za ki yanka farashi ki lissafa har abin da ba a gani: kuɗin mota, man janareto, yaron da ke riƙe miki fitila, data, da tsufan kyamara, wadda kowace dannawa tana rage mata kwana. Kayan nan da dala ake shigo da su, kin kuwa ga yadda suka yi tashin gwauron zabi tun da naira ta faɗi a 2023. Saboda haka daga kowane aiki ki cire wani abu ki ajiye da sunan kyamarar gaba. 'Yan uwa za su zo, su ce ai ta gida ce. In za ki yi kyauta ki yi da zuciya ɗaya, ki ce kyauta ce. In ragi ne ki faɗi ainihin kuɗin, sannan ki faɗi abin da kika rage. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a yi shiru a farko, a yi ƙorafi a ƙarshe. Alƙawari kuma kaya ne. In aikin mako biyu ne ki ce uku, ki kawo kafin lokaci.

Sana'ar tana da kaka tana da rani. Bukukuwa suna cunkushewa a Rajab da Sha'aban, da bayan sallah, da ƙarshen shekara, da azumi kuwa sai ki ji tsit. Kada ki raina ƙananan ayyuka, su ke riƙe shago: hoton fasfo na maniyyata da ɗalibai, saukar karatu, hoton 'yan makaranta, da hoton kaya na matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta waya. Hoton fasfo ma yana da ƙa'ida. Yawanci fari ake so a baya, babu inuwa, fuska a buɗe daga goshi zuwa haɓa ko da hijabi, kuma girman ya danganta da inda za a kai shi. Na bizar Amurka, misali, inci biyu ne tsawo, inci biyu faɗi. Ki tambayi mutum inda zai kai kafin ki wanke, kada a dawo da shi daga layi.

Ki adana aikinki, ki kuma sa sunanki a kai. Akwai wani mai hoto a Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin aikinsa a 1948. A tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, ya rataya zanen gado a baya, ya ajiye rediyo da agogo da babur don wanda yake son ya fito da su. Saboda tsadar fim, yawanci sau ɗaya yake danna wa kowane mutum. Aikin neman abinci yake yi kamar ni da ke, amma ya adana nagatif ɗinsa dubbai cikin tsari. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, aka rubuta cewa ba a san mai ɗauka ba. Sai da aka bi sawu har Bamako, aka sami abokin sana'arsa Malick Sidibé, shi ya gane aikin ya nuna gidan. Da Keïta ya zubar da nagatif ɗin nan, da ba shi da abin nunawa. Shi kansa Sidibé, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin wuraren rawar matasa da dare yana ɗauka, a 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa a bikin baje kolin fasaha na Venice. A garuruwanmu kuwa situdiyo nawa aka rufe, magada suka share ɗaki suka ƙone kwalaye, tarihin unguwa guda ya tafi da hayaƙi?

Bayan aikin kuɗi, ki riƙi wani aiki naki na kanki, wanda ba wanda ya sa ki. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya bi shi shekara da shekaru har ya tara kusan dubu, yau ga shi duniya tana koyon kitsonmu daga hotunansa. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta fara a 2015 tana nuna rayuwar mutanen Borno ta yau da kullum, kasuwa da makaranta da biki, lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai tashin bam. Ke ma abin ɗauka yana ƙofar gidanku: marinar Ƙofar Mata, badalar da ke zaizayewa kowace damina, zanen lalle, jeren ɗakin amarya da ke sauyawa duk bayan 'yan shekaru, tashen yara da azumi. Hawan sallar Kano ma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024. In za ki ɗauki hawa, ki nemi izini, ki bi umarnin dogarai, kada ki gitta gaban sarki. Wajen jafi ki tsaya gefe, ki sa saurin ɗauka ya kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa don ƙafar doki ta tsaya cak, ki kashe filasha kada ki firgita dabba. A kan titi ki yi sallama kafin ki ɗaga kyamara. Shingen jami'an tsaro da barikinsu ki bar su. Almajiri da mabaraci da marar lafiya kuma suna da mutunci, kada ki mayar da halin da suke ciki abin neman yabo.

Ki kula da kanki. Ki ci abinci kafin ki fita, ki riƙe ruwa a jaka, ki sa takalmi marar tsini da tufa marar ɗaukar ido, domin ba ke ake zuwa kallo ba. Nauyin jaka ki raba shi a kafaɗa biyu, baya ba ya yafe abin da aka yi masa da ƙuruciya. Ki gaya wa mai biki tun farko cewa in an kira sallah za ki ajiye kyamara, ban taɓa ganin wanda ya fasa ba da aiki saboda haka ba. Aikin dare ki tafi da ƙaninki ko abokiyar aiki, a gida a san inda kike da lokacin dawowarki. Kuma idan kin ƙware, ki jawo wata yarinyar ki koya mata, gidajen da ke jiran mace mai hoto sun fi ƙarfin mutum ɗaya.

In kin gama albam ɗinki na farko, ki kawo mini mu duba tare kafin ki kai wa masu shi. Allah ya yi wa sana'arki albarka, ya ba ki halal mai yalwa, ya rufa miki asiri kamar yadda za ki rufa na mutane. Ki gaida Ummanki da ƙannenki.

Baffanki.